Fotal ɗin makaranta na faɗuwa duk ranar sakin sakamako: wane kamfanin hostin za mu koma?

Na-Rafindadi:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawarar masana nake nema. Fotal ce ta wata makaranta mai zaman kanta a nan cikin Katsina, firamare da sakandare, ɗalibai wajen 1,200. Da PHP (yaren shirin) da MySQL (rumbun bayanai) aka gina ta, tana kan hostin na haɗaka, wato hayar wuri a sabar (kwamfutar da ke riƙe shafi) da ake raba wa mutane da yawa, irin mai cPanel da ake biya shekara-shekara da naira. Duk tsawon zango lafiya lau take. Amma ranar da aka saki sakamako, daga la'asar zuwa goma na dare, sai ta riƙa nuna kuskure mai lamba 508, wani lokaci farin shafi kawai. Iyaye na biyan kuɗin makaranta ta Paystack a kanta, kuma akwai hotunan yara da ranakun haihuwarsu da lambobin wayar iyaye.

Mai makarantar ya ce a koma kilawud, wato hayar sabar a manyan kamfanonin intanet, shi AWS na Amazon ya taɓa jin sunansa. Wani ya ce DigitalOcean, wani ya ce Hetzner, wani kuma ya ce a tsaya gida Najeriya. Abin da aka ware bai wuce kwatankwacin dala 30 a wata ba. Me ake dubawa kafin a ce kamfani abin dogaro ne? Sannan sabar ta zauna ina, Legas, Turai ko Afirka ta Kudu?

Injiniya Kofar Guga:

Wa alaikumus salam. Malam, kafin maganar kamfani, a fara da wannan 508, don idan ba a gane ta ba za a kwashe ciwon a kai sabon gida.

Yawancin masu hostin na haɗaka na amfani da CloudLinux don raba sabar ɗaya tsakanin ɗaruruwan kwastomomi. Kowane asusu ana yanka mashi kaso: CPU kaza, RAM kaza, da adadin buƙatun PHP da za su gudana lokaci guda, sau da yawa 20 ko 30. Lambar 508 na nufin ka cinye kasonka, ba wai kamfanin ya faɗi ba. Kamar gidan haya ne da mai gida ya ƙayyade wa kowane ɗaki bokitin da zai ɗiba: ko rijiya cike take, naka ya ƙare.

Abin da ke cinye kason kusan kullum takardar sakamakon ce. Idan fotal na haɗa PDF sabo duk lokacin da aka danna, tana lissafa matsayin yaro a aji daga farko, a ce hakan na cin daƙiƙa 1 na CPU. Kai kuma CPU ɗaya aka ba ka. Mutum 20 suka danna tare, na ƙarshe sai ya jira daƙiƙa 20. Ba zai jira ba, zai sake dannawa, layi ya ƙara tsawo. Data ba ita ce matsalar ba: ɗalibai 1,200, kowa ya sauke takarda mai 200KB sau uku, duka 720MB ke nan. Ba komai ba ne.

Saboda haka gyara biyu kafin ƙaura. A haɗa duk takardun da daddare kafin ranar saki, a ajiye su a faifai, fotal ta riƙa miƙa wanda aka riga aka haɗa bayan ta tantance mai shiga. Sannan a duba teburan MySQL, a tabbatar akwai indes, wato jerin da ke hanzarta nemo bayani, a kan lambar ɗalibi da zango da shekara. Wannan kaɗai na iya sa ku zauna inda kuke.

Idan za a koma ɗin, VPS, wato yankin sabar da ake ware maka kai kaɗai, mai CPU 2, RAM 4GB, faifan SSD 80GB ya ishe ku har da rara. Lissafin RAM ɗin: ka ba MySQL 1GB ta innodb_buffer_pool_size, tsarin kansa da Nginx mai miƙa shafuka su ci kamar 500MB, saura 2.5GB. Kowane ma'aikacin PHP-FPM, wato mai amsa buƙata ɗaya a lokaci guda, na cin 40MB zuwa 60MB, don haka pm.max_children, wato iyakar yawansu, ya tsaya wajen 40. Idan ka sa 150 don ganin ido, RAM zai ƙare, Linux ya kashe abin da ya fi ci, wanda MySQL ne. Ka ƙara swap na 2GB, wato wurin faifai da ke tallafa wa RAM idan ya cika. Kada a ruɗe ku da sabar mai 1GB ta dala 6, ranar sakamako ba za ta kai magariba ba.

A DigitalOcean irin wannan girman dala 24 ne a wata, ajiyar mako-mako na ƙara kashi 20 cikin ɗari, wato kun kusa cika dala 29 kafin haraji. Hetzner ya fi araha sosai ga girma iri ɗaya, sai dai suna da tsauri wurin tantance sabon asusu, suna iya neman fasfo ko katin shaida. Ku sake duba farashi a shafinsu ranar da za ku saya, yana motsi.

AWS kuwa, ba raini ba, amma EC2, sabar hayarsu, ba don wannan kasafin aka yi shi ba. Injin kuɗinsa daban, faifai daban, adireshin IPv4 daban tun Fabrairun 2024, data mai fita daban bayan 100GB na kyauta. Ƙananan injinansu na jerin T kuma da kiredit suke aiki: idan ya ƙare ko dai gudu ya ragu ko bil ya hau. Idan mai makaranta ya nace sai sunan Amazon, a ba shi Lightsail, VPS ɗinsu mai sauƙi, farashinsa tsayayye ne.

Baba Mai Kebul:

Injiniya ya gama da injin. Ni hanyar zan taɓa.

Yaro, daga Katsina duk inda za ka sai ka bi ta kudu. Wayar uba a Kofar Kaura ko Jibiya ta kama turken MTN ko Airtel, saƙon ya bi fayiba ta ƙasa ya gangara, mafi yawa har Legas, inda wayoyin ƙarƙashin teku suke sauka: SAT-3, MainOne, Glo-1, WACS, ACE, da Equiano ta Google da ta iso a 2022. Idan masu aikin titi suka tsinke fayiba a hanya, da sabar Legas da ta Landan duk ɗaya ne a wurinka. Bambancinsu na farawa ne daga bakin teku. Legas zuwa Landan da dawowa wajen milisakan 100 ne. Ga fotal ɗin makaranta wannan ba abin damuwa ba ne, wayar da ke kan 3G ta fi haka ɓata lokaci ita kaɗai.

Afirka ta Kudu a taswira kusa take, a waya ba lallai ba. AWS na da cibiya a Cape Town tun 2020, Microsoft a Johannesburg tun 2019, Google a Johannesburg tun 2024. Amma wani layin sai ya kai ka Turai tukuna ya dawo da kai kudu, ka ga jinkirin ya fi na Landan. Farashin can ma ya fi na Turai. Kada ka zaɓa da taswira.

Hujjar masu cewa a tsaya gida ita ce 14 ga Maris 2024, ranar da WACS da MainOne da SAT-3 da ACE suka samu matsala tare a gaɓar Kwaddibuwa. Bankuna sun sha wuya, abin da ke waje ya yi nauyi na kwanaki. Shafin da ke Legas, kuma kamfaninsa na haɗe da IXPN, wato mahaɗar da layukan Najeriya ke musayar zirga-zirga a cikin gida, bai dogara da tekun ba. Hujja ce mai ƙarfi. Amma a yi hattara: kamfanoni da yawa da ke karɓar naira, ofishinsu na Legas ko Abuja, sabar tasu a Jamus ko Amurka take, haya suka kama suke sake bayarwa. Ba laifi ba ne, amma ka san abin da ka saya. Tambaye su kai tsaye wace cibiyar bayanai injin yake, Rack Centre ce, ko MDXi ta MainOne da Equinix ya saya, ko wata. Wanda ya kasa faɗin sunan ginin, ka gane.

Ga gwajin da nake ba kowa shawara. Manyan kamfanonin waje da awa ko daƙiƙa suke caji, don haka kunna sabar ta gwaji a Landan da Frankfurt kwana uku bai kai kuɗin katin waya ba. Na gida ka nemi adireshin IP na gwaji. Ka haɗa kwamfuta da hotspot na MTN, sannan Airtel, sannan Glo, ka gudanar da umarnin auna hanya, mtr -r -c 100, da adireshin. Ka yi da safe, ka kuma yi ƙarfe takwas zuwa goma na dare, lokacin da layi ke cunkushe, wanda shi ne lokacin da iyayenku ke shiga. Layin ƙarshe na sakamakon za ka duba: matsakaicin jinkiri da asarar fakiti, wato guntayen saƙon da suka ɓace a hanya. Asara a tsakiyar hanya da ba ta kai ƙarshe ba, ka manta da ita, na'urorin hanya ne ke ƙin amsawa. Asarar da ta wuce kashi 2 cikin ɗari a ƙarshe kuwa ta fi jinkirin milisakan 150 illa. Idan makarantar na da iyaye a Daura ko Mani ko Dutsin-Ma, a sa wani ya gwada daga can.

Da ka gama, ka goge injin gwajin gaba ɗaya. Kashe shi kawai ba ya tsayar da caji a DigitalOcean ko Hetzner.

'Yar Daura:

Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ina tare da ku, sai dai a ganina ba a taɓo abin da ya fi kashe shafukan mutanenmu ba, wato biyan kuɗi da rashin kwafin ajiya. Ba kasafai injin manyan kamfanonin nan ke mutuwa ba. Katin ne ke ƙin wucewa.

A 2022 bankuna da yawa sun rufe biyan kuɗin waje da katin naira. A 2025 wasu sun dawo da shi, kowane da iyakarsa. Duk wanda zai dogara da kamfanin da ke cajin dala ko yuro ya tanadi hanya biyu, misali katin asusun dala da wani kati daban, kuma idan kamfanin ya yarda a zuba kuɗi tun gaba, a zuba na wata uku. Tsarin kusan ɗaya ne ko'ina: caji ya gaza, a turo imel, a dakatar da sabar, bayan wani wa'adi a goge ta har da ajiyar da ke cikin asusun. Imel ɗin kuma yakan tafi akwatin da babu mai buɗewa. Ka karanta sharuɗɗansu ka nemo kwana nawa ne tsakanin dakatarwa da gogewa. AWS ya fara karɓar naira a farkon 2025, amma farashin a dala yake, da canjin ranar ake juya shi. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 kowa ya ga yadda dala 24 ke iya zama wani abu daban cikin shekara guda, makaranta kuma sau ɗaya take tsara kuɗinta. A nan kamfanin gida mai tsayayyen farashin naira ya fi sauƙin sha'ani.

Alkawarin da suke rubutawa cewa sabar za ta yi aiki kashi 99.9 cikin ɗari na lokaci, ka lissafa shi. A wata mai kwana 30, minti 43 ne na ɗaukewa. Kashi 99.5 awa 3 da minti 36 ne. Idan suka saɓa, kiredit za su ba ka na wani yanki na kuɗin watan, shi ma sai ka nema. Babu mai biyan ka asarar ranar sakamako. Abin da ya fi wannan amfani shi ne shafin da suke wallafa matsalolinsu: ka karanta na wata shida baya, ka ga ko suna faɗin dalili da lokacin gyara. Kamfanin da bai taɓa rubuta matsala ko ɗaya ba, ɓoyewa yake. Sannan kafin ka biya, ka tura masu tambaya ta fasaha ranar Asabar da daddare, ka ga yaushe za su amsa da kuma ko mai amsar ya fahimci tambayar.

Ajiya kuwa. A Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen OVHcloud a Strasbourg ta Faransa. Kwastomomin da ajiyarsu ke harabar guda sun rasa komai. Kwafin faifai gaba ɗaya da kamfani ke ɗauka yana da kyau don saurin maidowa, amma yana cikin asusu ɗaya da sabar, abin da ya ci ɗaya zai iya cin ɗayan. Ku sa cron, mai tayar da aiki a lokacin da aka sa masa, ya kwafe MySQL ta mysqldump da --single-transaction ƙarfe biyu na dare, a matse fayil ɗin, a rufe shi da kalmar sirri, rclone ya tura shi wani kamfani daban kamar Backblaze B2 ko Cloudflare R2, tare da jakar hotuna. A riƙe na kwana 14 da na ƙarshen kowane wata. A makon da malamai ke shigar da maki a mayar da shi duk awa shida. Duk zango sau ɗaya a kunna sabuwar sabar, a maido da ajiyar a kai, a shiga a buɗe sakamakon yaro ɗaya. Sau da yawa nan ake gano fayil ɗin fanko ne tun watanni, don an canza kalmar sirrin MySQL ba a gyara ta a cron ba.

Tunda bayanan yara ne, Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta shafe ku, hukumar NDPC ke kula da ita. Tana neman amincewar iyaye kan bayanan ƙananan yara, kuma ta sa sharuɗɗa kan fitar da bayanai ƙasar waje. Ba ta hana ba, amma idan Turai za ku, ku karɓi takardar yarjejeniyar sarrafa bayanai ta kamfanin ku ajiye, ku kuma rubuta a fom ɗin shiga makaranta inda ake ajiye bayanan.

Na-Rafindadi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Injiniya, an duba, lallai PDF ɗin nan take ake haɗa shi. Saura tambaya biyu. Babu wanda zai zauna kula da Linux kullum, mai haɗa fotal ɗin aikin kwangila ya yi. Kuma asusun hostin da domen, wato sunan shafin a intanet, duk da imel ɗinsa aka buɗe. A bar su haka?

'Yar Daura:

A'a Malam, wannan ma ya fi gaggawa. Domen da hostin su koma sunan makaranta, da imel na makaranta da mutum biyu ke iya buɗewa. A kunna tantancewa mai mataki biyu da manhajar lambobi, ba ta SMS ba, a buga lambobin gaggawa a takarda a sa a ofishin shugaban makaranta. Mai kwangila a gayyace shi a matsayin mamba, ranar da aka rabu a cire shi. Imel ɗin asusun kada ya zauna a kan sabar fotal ɗin, in ba haka ba ranar da ta faɗi saƙon gargaɗin ma ba zai iso ba. Domen ɗin kuma, ko .ng ne na NiRA, hukumar sunayen .ng, ko .com, a riƙe shi a wani kamfani daban da na hostin, a biya shekara biyu. Ranar da kuka so tashi, nuni kawai za ku canza.

Injiniya Kofar Guga:

Maganar Malama daidai ce. Kan rashin mai kula kuwa, wannan ya canza shawarata kaɗan. VPS na dala 24 tsirara ake ba ka shi. Kamfani na kula da ƙarfe da wuta da layi, abin da ke ciki naka ne. Idan aka yi maka kutse, su dai rufe ka za su yi. Mafi ƙarancin abin da za a yi ranar farko: Ubuntu 24.04 LTS, wanda ke samun gyaran tsaro har 2029, shiga da mabuɗin SSH, a rufe shiga da kalmar sirri, ufw, mai tsaron ƙofofi, ya bar ƙofa 22 da 80 da 443 kawai, fail2ban don toshe masu cankar kalmar sirri, unattended-upgrades don gyaran tsaro ya riƙa sauka da kansa, certbot don takardar HTTPS ta Let's Encrypt, a gwada sabuntawarta da --dry-run. MySQL ya saurari 127.0.0.1 kaɗai, wato cikin injin kansa. A kuma sa ido kan faifai, don log da tsofaffin ajiya na cika shi shiru, MySQL ya tsaya ba gargaɗi.

Idan babu mai yin wannan da duba shi ko sau ɗaya a wata, ku ɗauki VPS mai kulawa daga kamfanin gida, ko irin Cloudways da ke ɗora kulawa a kan injin DigitalOcean. Da kuɗinku za ku samu 2GB maimakon 4GB, amma idan an gyara PDF ɗin ya isa. A tambaye su a rubuce me kulawar ta ƙunsa: sabunta PHP, maido da ajiya, amsa da daddare.

Abu ɗaya da ke ba mutane mamaki bayan ƙaura: imel ya daina fita. DigitalOcean na toshe ƙofofin fitar imel na SMTP, Hetzner ma na toshe 25 da 465 ga sabon asusu, saboda masu tura saƙon banza. Rasit da saƙon sauya kalmar sirri su bi ta API na kamfanin aika imel kamar Brevo ko Amazon SES, a sa SPF da DKIM, shaidar cewa imel ɗin naku ne, a domen.

Baba Mai Kebul:

Ku sa Cloudflare na kyauta, mai tsayawa tsakanin masu shiga da sabar, a gaba, suna da na'urori a Legas, hotuna da CSS za su riƙa fitowa daga can ko da sabar na Turai. Amma kada wani ya kunna ajiye komai da komai a kan shafukan da ake shiga da kalmar sirri, sai uban wani ya ga sakamakon ɗan wani. Jakar PDF ɗin ma kada ta zauna a fili da sunaye masu bin lamba, 1001.pdf, 1002.pdf, yaran SS2 za su gano cikin awa ɗaya.

Ƙaurar a yi ta tsakiyar zango, ba makon jarrabawa ba. Kwana biyu kafin nan a rage TTL na domen, wato tsawon lokacin da ake tuna tsohon adireshi, zuwa daƙiƙa 300. A kwafe komai, a gwada sabuwar ta fayil ɗin hosts na kwamfutarka ba tare da taɓa DNS, mai nuna domen zuwa sabar, ba, a buga mata gwajin cunkoso da ab -n 2000 -c 50 a shafin sakamako ana kallon top, umarnin da ke nuna nauyin injin. Idan lambar st a cikin top, wato kason CPU da aka ɗauke maka, ta wuce 10 tana zama a can, maƙwabta na cinye maka CPU, ka goge ka kunna wata ko ka canza kamfani. Daren sauyawa a rufe shigar da maki da biyan kuɗi a tsohuwar, a ɗauki kwafin MySQL na ƙarshe, a ɗora, a juya DNS. Da safe a biya naira 100 ta Paystack a tabbatar sanarwar biyan ta iso fotal ta rubuta rasit, don Cloudflare ko ufw na iya tare ta. A sa UptimeRobot ya riƙa leƙa shafin shiga duk minti 5. Tsohon hostin a bar shi da rai mako biyu kafin a rufe.